Bidiyon aro: Yadda shafukan intanet suka yi gini a kan abin da YouTube ya kira "gwaji"

A watan Janairun 2011, injiniyoyin YouTube suka fitar da wata sabuwar hanya da masu haɗa shafukan intanet za su riƙa sarrafa bidiyon YouTube daga cikin nasu shafukan. Sun haɗa sanarwar da gargaɗi: abin na gwaji ne, kuma yana iya sauyawa ba zato ba tsammani.

Gargaɗin bai hana kowa ba. Masu haɗa shafukan jaridu da na makarantu da na kasuwanci suka yi ta ɗaukar hanyar suna aiki da ita, domin a lokacin ba su da wata mafita da ta fi ta.

Yau shafuka da dama ta wannan ƙofar suke sarrafa bidiyon YouTube da mai karatu ke gani a tsakiyar labari a wayarsa. Gwajin ya yi nasara. Amma shekarun da suka biyo baya sun nuna cewa wanda ya dasa bidiyon wani kamfani a shafinsa, akalar bidiyon ba a hannunsa take ba.

Mene ne API, kuma me ake nufi da dasa bidiyo?

Idan aka buɗe labari a shafin jarida aka ga bidiyo a ciki, yawanci bidiyon ba a wurin jaridar yake ba. Yana can a kwamfutocin YouTube ko Facebook ko wani kamfanin. Abin da jaridar ta yi kawai shi ne ta buɗe taga a jikin shafinta, ta ce wa wayar mai karatu ta je ta ɗauko bidiyon ta nuna shi a cikin tagar. Wannan shi ake kira dasa bidiyo.

Dalilin yin haka kuɗi ne. Bidiyo mai nauyin megabait 100, idan mutum 10,000 suka kalle shi, ya ci gigabait 1,000 na data daga ɓangaren mai shafin, kuma shi zai biya. Ga kuma aikin sarrafa bidiyon ya dace da kowace waya da kowane ƙarfin sabis. YouTube na yin wannan duka kyauta, ya mayar da kuɗinsa ta hanyar talla.

Sai dai buɗe taga kaɗai ba ya wadatar da kowa. Shafin koyar da darasi yana so ya san ko ɗalibi ya kalli bidiyon har ƙarshe kafin ya buɗe masa darasi na gaba. Wani yana so bidiyon ya tsaya a minti na uku, tambaya ta fito, sai an amsa ya ci gaba. Jarida tana so ta san mutum nawa ne suka danna. Duk wannan yana buƙatar shafin ya iya magana da na'urar kunna bidiyon.

A nan API yake shigowa. Wata yarjejeniya ce tsakanin manhaja da manhaja: idan ka aiko da umarni kaza, zan yi kaza, idan abu kaza ya faru, zan sanar da kai da alama kaza. Ya yi kama da tagar ma'aikacin banki. Ba a barin abokin hulɗa ya shiga ciki, amma an san takardar da zai cike da kuma abin da za a miƙo masa.

A na YouTube, alal misali, na'urar kunna bidiyon tana aika wa shafin lamba 1 idan bidiyo na tafiya, 2 idan an dakatar, 3 idan yana jiran data, 0 idan ya ƙare. Mai haɗa shafi zai rubuta cewa duk lokacin da 0 ya iso, a buɗe darasi na gaba. Ranar da kamfanin ya sauya ma'anar lambar, ko ya daina aiko ta, darasi na gaba ba zai buɗe ba, kuma ɗalibin ba YouTube zai zarga ba.

Lokacin da Flash ke mulki

Tun kafa YouTube a 2005, dasa bidiyo na cikin abubuwan da suka ɗaukaka shi. Mutane sun riƙa kwafar wasu 'yan layukan rubutu suna liƙawa a shafukansu na MySpace, bidiyon ya riƙa yawo a wuraren da YouTube bai mallaka ba. Google ya sayi kamfanin a 2006 kan dala biliyan 1.65.

A wancan zamanin burauza ba ta iya kunna bidiyo da kanta. Sai an saka mata wata ƙarin manhaja mai suna Flash, ta kamfanin Adobe. Kusan kowace kwamfuta tana da ita, don haka babu wanda ya damu.

Waya ce ta ɓata lissafin. iPhone ta fito a 2007 babu Flash. iPad ta biyo baya a 2010, ita ma babu. A watan Afrilun shekarar, shugaban Apple, Steve Jobs, ya wallafa wata doguwar wasiƙa yana bayyana dalilansa: Flash na cinye batir, yana da matsalar tsaro, an yi shi ne don linzamin kwamfuta ba don taɓa fuskar waya da yatsa ba, sannan kamfani ɗaya ne ke iko da shi.

Ma'anar wannan ga mai shafi ita ce, duk bidiyon da ya dasa ta tsohuwar hanya yana iya zama fili fayau a idon mai iPad. Kuma masu irin waɗannan na'urori su ne masu kuɗin da 'yan talla ke nema.

Akwai madadin da ake ta magana a kai. Kamfanin Opera na ƙasar Norway ya gabatar da shawara tun 2007 cewa a sa burauza ta riƙa kunna bidiyo kai tsaye, shawarar da ta shiga cikin sabon tsarin rubuta shafuka da ake kira HTML5. A Janairun 2010 YouTube ya buɗe na'urar kunna bidiyo ta HTML5 ga duk mai son gwadawa. Ba ta da ƙarfi sosai. Ba ta kunna bidiyon da ke ɗauke da talla, kuma ba ta aiki a Firefox, saboda Mozilla ya ƙi amfani da tsarin matse bidiyo na H.264 wanda ake biyan kuɗin lasisinsa. Rikicin ne ya sa Google ya sayi kamfanin On2, ya kuma saki tsarin WebM kyauta a watan Mayun 2010.

YouTube da kansa bai ɓoye gazawar ba. A watan Yunin 2010, wani injiniyansa, John Harding, ya lissafa abubuwan da HTML5 bai iya ba tukuna: babu tsarin bidiyo guda da duk burauzoji suka amince da shi, babu hanyar kare fina-finai daga sata, babu cika fuskar allo yadda ya kamata, babu amfani da kyamara.

Ke nan tsohuwar hanya tana mutuwa, sabuwa ba ta gama nuna ba. Gaba kura, baya sayaki.

Taga a cikin taga

Mafitar da YouTube ya fito da ita a watan Yulin 2010 tana da wayo. Maimakon mai shafi ya dasa Flash kai tsaye, sai ya dasa wani ƙaramin shafi na YouTube a cikin nasa, ta amfani da abin da ake kira iframe. Idan mai karatu ya buɗe, YouTube ne zai duba na'urarsa ya yanke hukunci: wannan a ba shi Flash, wancan a ba shi HTML5.

Mai shafi ya huta da ciwon kai. Amma ya kuma miƙa wa YouTube ikon sauya duk abin da ke cikin tagar, a duk lokacin da ya ga dama, ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya a shafin ba. Wannan ikon shi ne ya ceci bidiyoyi masu ɗimbin yawa daga baya, kuma shi ne tushen duk koke-koken da suka biyo.

Akwai kuma wata matsalar. Saboda tsaro, burauza ba ta barin shafin wani ya leƙa cikin shafin wani da aka dasa a cikinsa. Ba don wannan dokar ba, da ɗan damfara zai dasa shafin banki a cikin nasa ya riƙa karanta abin da mutane ke rubutawa. Sakamakon haka, waɗanda suka koma iframe sun rasa ikon ba bidiyon umarni, ikon da suke da shi a zamanin Flash.

Giɓin da API na Janairun 2011 ya zo cikewa ke nan. Ya yi amfani da wata sabuwar dabara mai suna postMessage, wadda ke ba shafuka biyu damar miƙa wa juna saƙo ba tare da ɗaya ya shiga gonar ɗaya ba. Tsofaffin burauzoji irin su Internet Explorer 7 ba su san dabarar ba, don haka ba ya aiki a kansu.

Me ya sa ake gini a kan gwaji?

Mai kallo daga waje zai ce ganganci ne. An ce maka katako bai bushe ba, ka ɗora masa rufin ɗaki.

Amma mai haɗa shafi a 2011 yana da abokin ciniki da ya biya shi kuɗi, wanda ke riƙe da iPad yana tambayar dalilin da ya sa bidiyonsa ba ya aiki. Hanyar da aka tabbatar da ingancinta ba ta aiki a kan na'urar. Wadda ke aiki kuma an rubuta mata "gwaji". Ba shi da zaɓi na uku.

Kuma kalmar ta riga ta rasa kaifinta. Gmail ya shafe shekara biyar, daga 2004 zuwa 2009, yana ɗauke da tambarin "beta", wato bai gama kammala ba, alhali miliyoyin mutane na gudanar da harkokinsu da shi. Wanda ya ga haka ba zai razana da wani gargaɗin ba.

Sai dai a wurin kamfanin kalmar tana da ma'ana ta zahiri. Google na da ƙa'idar da ta ce zai ba da wa'adi kafin ya rufe wasu daga cikin API ɗinsa da ya amince sun kammala. Waɗanda aka yi wa laƙabin gwaji ba sa cikin wannan alkawarin. Wato kamfanin yana amfana da dubban mutanen da ke gwada masa kaya kyauta suna kai masa rahoton kurakurai, amma idan abin ya karye, asarar tasu ce. Adalcin wannan ciniki abin dubawa ne, ko da yake babu wanda aka yi wa dole.

Abin mamaki shi ne, yawan masu amfani yana ɗaure kamfanin shi ma. A 2012 YouTube ya sauya adireshin da ake ɗauko API ɗin, ya kuma sauya sunan umarnin da ke sanar da shafi cewa na'urar ta shirya. Bisa gargaɗin da ya yi, yana da damar kashe tsofaffin nan take. Bai yi ba, ya bar su suna aiki tare da sababbin, domin shafuka da yawa sun riga sun dogara da su.

Injiniyoyi na da suna ga wannan yanayi: Dokar Hyrum, daga sunan Hyrum Wright, wanda ya yi aiki a Google. Abin da ta ƙunsa shi ne, idan masu amfani da API suka yi yawa, alkawarin da aka rubuta a takarda ba ya da wani tasiri, domin duk wata ɗabi'a da manhajar ke nunawa, ko da kuskure ce, za a samu wanda ya gina aikinsa a kanta.

Wanda aka ce ya tabbata shi ya fara mutuwa

A ranar 27 ga Janairun 2015, YouTube ya sanar cewa HTML5 ya zama hanyarsa ta farko a manyan burauzoji. Kamfanin ya ce dabarar daidaita ingancin bidiyo da ƙarfin sabis ta rage tsayawar bidiyo da fiye da kashi 50 cikin 100 a duniya, har zuwa kashi 80 a wuraren da layi ke da cunkoso. Duk wanda ya taɓa kallon bidiyo da sabis mai rauni ya san darajar wannan.

A cikin sanarwar ce kuma aka ce tsohuwar hanyar dasawa da API na Flash sun zama tsohon yayi, kowa ya koma iframe.

Waɗanda suka yi kasada a 2011 su suka ci riba. Waɗanda suka yi taka-tsantsan suka tsaya a kan abin da aka tabbatar, su aka bari da aikin sake gini. Adobe ya sanar a Yulin 2017 cewa zai kashe Flash, ya daina tallafa masa a ranar 31 ga Disamban 2020, ya kuma toshe shi daga aiki a ranar 12 ga Janairun 2021. Tsofaffin shafukan da ba wanda ya koma ya gyara, ramuka kawai suka rage a inda bidiyo yake a da.

Ba shafuka kaɗai abin ya shafa ba. A watan Afrilun 2015 YouTube ya fara rufe tsohon API ɗinsa na bayanai, zubi na biyu. Manhajar YouTube ta daina aiki a kan Apple TV zubi na biyu, da tsofaffin iPhone da ba za su iya karɓar sabon tsari ba, da wasu talabijin na Sony da Panasonic. Mutum ya sayi talabijin da kuɗinsa shekara uku da suka wuce, babu abin da ya lalace a jikinta, amma maɓallin YouTube ya zama ado.

Sauye-sauyen da ba a jin ƙararsu

Fita daga matakin gwaji bai sa API na iframe ya tsaya cak ba.

Akwai wata alama, rel=0, da masu shafuka ke sakawa don kada YouTube ya nuna wasu bidiyoyi idan nasu ya ƙare. Makarantu da kamfanoni sun dogara da ita ƙwarai. Malami ba ya so darasi ya ƙare, hoton wani abu da bai dace ba ya bayyana a gaban yara. Ɗan kasuwa ba ya so tallarsa ta ƙare da tallar abokin gasarsa. Daga ranar 25 ga Satumban 2018, YouTube ya sauya ma'anar alamar: ba za a iya kashe bidiyoyin ba, iyaka a taƙaita su ga na tashar da ta ɗora bidiyon. A lokaci guda aka cire alamar da ke ɓoye sunan bidiyo. A Agustan 2023 aka kashe wadda ke rage girman tambarin YouTube.

Wanda ya fi shafar masu sayen data da tsada shi ne na ingancin hoto. API ɗin yana da umarnin da mai shafi zai iya amfani da shi ya nemi a nuna bidiyo da ƙaramin inganci. Mai shafin da ya san masu karatunsa na lissafin kowane megabait zai so hakan. A watan Oktoban 2019, YouTube ya gyara takardun bayaninsa, ya ce umarnin ba ya yin komai yanzu, kamfanin ne ke zaɓar inganci da kansa. Ya kuma ƙara da cewa sauyin ya fi shekara guda yana aiki.

Fiye da shekara guda ke nan masu haɗa shafuka suna rubuta umarnin da takarda ta ce yana aiki, na'ura tana karɓa ba ta ce uffan ba, ba ta kuma aikata komai ba. Irin wannan ya fi karyewar fili wahalar ganowa.

Wani lokacin kuma daga burauza matsalar ke zuwa. A Afrilun 2018, Chrome 66 ya hana bidiyo mai sauti tashi da kansa kafin mai karatu ya taɓa shafin. Jama'a sun yi murna. Amma dokar ta kashe sautin wasannin intanet da yawa da ba su da alaƙa da talla, har Google ya janye wannan ɓangaren na ɗan lokaci, ya dawo da shi a Disamba.

Lokacin da gwaji ya kama mai shi

Burauzoji ma sun daɗe suna sakin abubuwan gwaji. Dabararsu ita ce su liƙa wa umarnin wata alama a gaba: webkit ga Safari da Chrome, moz ga Firefox, ms ga Internet Explorer. Manufar ita ce kowa ya gane cewa ba a gama ba.

Umarnin sa bidiyo ya cika fuskar allo misali ne mai kyau. Shekaru da dama sai mai haɗa shafi ya rubuta shi kala uku ko huɗu, kuma rubutun ba iri ɗaya ba ne, wani da babban harafi a tsakiya, wani da ƙarami. Chrome da Firefox ba su karɓi umarnin gama-gari ba sai Disamban 2018. Safari kuwa sai 2023.

Da yawa sun gaji, suka riƙa rubuta na webkit kaɗai, tunda shi ke kan iPhone da Android. A Fabrairun 2012, Daniel Glazman, ɗaya daga cikin shugabannin kwamitin da ke tsara ƙa'idar adon shafuka a ƙungiyar W3C, ya yi kira na gaggawa cewa lamarin na barazana ga 'yancin intanet, domin shafuka sun koma yi wa burauza ɗaya hidima. Kiran bai sauya komai ba. A ƙarshe Opera da Firefox da Edge suka koya wa burauzojinsu fahimtar wasu umarnan webkit, wato na abokin gasarsu. Abin da aka saki don gwaji ya zama doka.

YouTube da kansa ya faɗa cikin ramin. A 2014 Chrome ya saki zubin farko na wata fasahar haɗa sassan shafi kafin sauran burauzoji su amince da ita. Sauran ba su bi ba, suka jira aka sake tsara ta. Sabon fasalin YouTube na 2017 an gina shi ne da Polymer, kayan aikin Google da suka jingina da wannan zubin na farko. A Yulin 2018, Chris Peterson na Mozilla ya yi zargin cewa shafin YouTube ya ninka jinkiri sau biyar a Firefox da Edge idan aka kwatanta da Chrome saboda wannan. Wasu injiniyoyi sun yi jayayya kan ainihin ɓangaren da ke jawo jinkirin. Abin da ba a yi jayayya a kai ba shi ne, Chrome ya shirya cire tsohon zubin a farkon 2019, amma ya ɗaga zuwa Fabrairun 2020 saboda yawan shafukan da ba su shirya ba.

Darasin ya sa an sauya salo. Tun 2013 masu haɗa injin Chrome suka ce sun daina ƙirƙirar sababbin alamomin gaba. Yanzu duk mai son gwada sabon abu a shafinsa sai ya yi rajista, a ba shi lambar izini mai wa'adi. Akwai kuma iyaka: ba a so amfani da abin gwajin ya wuce kashi 0.5 cikin 100 na dukkan shafukan da ake buɗewa a Chrome. An sa wannan ne musamman don kada gwaji ya yi farin jinin da zai gagari cirewa.

Ba YouTube kaɗai ba

Editoci da yawa ba su san akwai API a cikin aikinsu ba. A WordPress, tun ƙarshen 2009, mutum zai liƙa adireshin bidiyo kawai, sai ya rikiɗe ya zama bidiyo. Wani buɗaɗɗen tsari ne mai suna oEmbed, wanda aka ƙirƙira a 2008, yake yin aikin a bayan fage.

A ranar 24 ga Oktoban 2020, Facebook ya rufe ƙofarsa ta oEmbed da kowa ke shiga kyauta, har da ta Instagram. Daga ranar sai mai asusun masu haɗa manhaja da lambar izini. WordPress, wanda fiye da kashi ɗaya cikin uku na shafukan duniya ke kansa a lokacin, ya cire kamfanonin biyu daga jerin waɗanda yake dasawa kai tsaye. Ƙananan jaridun da ba su da injiniya na dindindin sai da suka nemi ƙarin manhaja ko su koma kwafar lambobin dasawa da hannu.

Najeriya ta ga wani nau'in wannan ta wata fuskar. Lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga ranar 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022, ba manhajar kaɗai aka toshe ba. Bidiyon Twitter da jaridu suka dasa a cikin labaransu daga kwamfutocin Twitter yake fitowa, don haka mai karatu a cikin ƙasar da ba ya amfani da VPN ba zai iya kallonsa ba, ko da shafin jaridar ya buɗe lafiya lau.

Wannan abin lura ne ga duk masu sana'ar da ta koma YouTube da Facebook, daga masu shirya fina-finan Kannywood masu dogon zango zuwa masu yaɗa tafsiri kai tsaye a watan azumi, da shafukan da ke dasa waɗannan bidiyoyi don jawo masu karatu. Mai bidiyo na iya kashe izinin dasawa da danna maɓalli ɗaya, shafin ya samu lambar kuskure 101 ko 150. Idan aka goge bidiyon ko aka mayar da shi na sirri, lamba 100 ce za ta zo. Zanen aro ba ya rufe katara.

Yadda ƙwararru ke rage haɗarin

Ba wanda ke ba ƙaramin shafi shawarar ya daina dasa bidiyo, lissafin kuɗin bai ba da dama ba. Abin da gogaggun masu haɗa manhaja ke yi shi ne su tattara duk wata magana da YouTube a wuri ɗaya a cikin manhajarsu, yadda idan an samu sauyi wuri ɗaya za a gyara, ba shafi dubu ba. Akwai kayan aiki na kyauta irin su Video.js da Plyr da ke tsayawa a tsakani, su ba mai shafi damar sauya tushen bidiyo ba tare da rushe komai ba.

Suna kuma ajiye asalin bidiyon a hannunsu, su rubuta taƙaitaccen bayanin abin da ke ciki a ƙarƙashin tagar tare da adireshinsa, domin labarin ya ci gaba da ma'ana ko da tagar ta mutu. Wasu ba sa ɗauko na'urar YouTube sai mai karatu ya danna; kafin nan hoto kawai yake gani. Wannan yana rage datar da shafi ke ci, yana kuma sa ya buɗe da wuri a kan ƙaramar waya.

Duk da haka sauyi bai daina zuwa ba. A 2025 shafuka da manhajojin waya da dama suka fara nuna wata sabuwar lambar kuskure, 153, a inda bidiyo ya saba fitowa. YouTube ya fara tilasta sharaɗin cewa duk shafin da ya dasa bidiyonsa sai ya bayyana ko shi wane ne a cikin buƙatar da yake aikawa. Cikin waɗanda abin ya kama har da shafukan da suka ɓoye wannan bayani da gangan, don kare sirrin masu karatunsu.